Teburin Akawu da Sunan Kafinta

A shekarar 1965, a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, an sayar da wani teburin rubutu a kan fam 43,050. Kafin wannan rana ba a taɓa sayen wani kayan ɗaki na Ingila da tsada irin wannan ba. Teburin ya fito ne daga ɗakin karatu na wani katafaren gida mai suna Harewood, a lardin Yorkshire, kuma an haɗa shi wajen shekarar 1771 a shagon Thomas Chippendale. Yau yana ajiye a gidan tarihi na Temple Newsam da ke birnin Leeds, inda jama'a ke shiga su kalle shi.

Babu sunan Chippendale a jikin teburin. Bai saba sa hannu ko buga hatimi a kan kayansa ba. Takardu ne suka danganta teburin da shi: lissafin kuɗin aiki, da wasiƙu, da littafin da wakilin gidan ke rubuta ayyukan yau da kullum, waɗanda suka nuna shagonsa ne ya ƙawata gidan. Da an ƙone waɗannan takardu, da teburin ya zama kyakkyawan tsohon kaya kawai, irin wanda masana za su yi ta gardama a kansa.

Na daɗe ina karanta tarihin waɗannan tebura, ni da na tashi a Tudun Wadan Zariya, unguwar akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan ɗab'i. Abin da na fahimta shi ne, darajar tsohon tebur kashi biyu ce. Kashi na farko katako ne da gwanintar hannu. Kashi na biyu takardar da ta riƙe sunan mai hannun. A Zariya muna da na farkon, fiye da yadda muke zato. Na biyun ne muka bari ya salwanta, kuma rashinsa ne ke sa muna tura na farkon murhu.

Shagon da ke titin St Martin

An haifi Chippendale a 1718 a wani ƙaramin gari mai suna Otley, ɗan kafinta ne, jikan masu aikin katako. Ya koma Landan, ya kafa shago a titin St Martin, sannan a 1754 ya yi abin da ya ɗaga shi sama da sa'o'insa: ya wallafa littafin zane-zanen kayan ɗaki mai ɗauke da shafukan zane 160. Attajiri yana iya buɗe littafin ya nuna abin da yake so, kafintan ƙauye kuma yana iya kwaikwaya. Cikin 'yan shekaru salon ya isa Filadelfiya a Amurka, har sunan mutumin ya zama sunan salon baki ɗaya.

Amma shagon ba na mutum ɗaya ba ne. An ƙiyasta ma'aikatansa sun kai 40 zuwa 50: masu haɗa katako, masu sassaƙa furanni, masu lulluɓe kujeru, masu shafa ruwan zinariya. Lokacin da gobara ta tashi a shagon a 1755, jaridun lokacin sun ruwaito cewa akwatunan kayan aiki na ma'aikata 22 sun ƙone. Shi Chippendale aikinsa zane ne, da ganawa da masu ba da aiki, da bin bashi. Teburin da ya kai gidan Nostell a 1767, mai kawunan zakuna a jikinsa, kuɗinsa fam 72 da sule 10, kuma wasiƙun da suka rage tsakaninsa da maigidan, Sir Rowland Winn, cike suke da abin da kowane kafintan Zariya zai gane: maigida yana ƙorafin jinkiri, mai shago yana roƙon a biya shi don ya sallami ma'aikata. Hannayen da suka fere kawunan zakunan kuwa, yawancinsu ba a san masu su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko da yake shi ma gardin bai mutu da dukiya ba. Ya rasu a 1779, ɗansa da ya gaje shi kuma ya karye a 1804.

Sauran manyan sunaye biyu sun fi wannan ban mamaki. George Hepplewhite ya rasu a 1786, matarsa Alice ce ta wallafa littafin zanensa a 1788, kuma har yau babu kujera ko tebur ɗaya da aka tabbatar ya fito daga shagonsa. Thomas Sheraton ya fara fitar da nasa littafin a 1791, ya rayu yana koyar da zane yana wa'azi, ya mutu cikin talauci a 1806. Duk su ukun littafi ne ya raya sunansu.

Kamfanin da ya fi burge ni shi ne Gillows na garin Lancaster, wanda Robert Gillow ya kafa wajen 1730. Daga 1784 suka riƙa ajiye littattafan ƙiyasi: kowane aiki da ɗan zanensa, da irin katakon da ya ci, da kuɗinsa, da sunan wanda ya saya, da sunan ma'aikacin da ya haɗa shi. Sun kuma fara buga sunan kamfanin a bakin durowa, wasu ma'aikatan su ma suna rubuta nasu sunan da fensir a ƙarƙashinta. Littattafan suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Westminster. Mutum na iya jawo durowar tebur mai shekara 200, ya karanta sunan leburan da ya yi ta, ya je ya duba nawa aka biya shi.

Inda katakon ya fito

Jan katakon nan mai sheƙi da aka yi teburin Nostell da shi, wanda Turawa ke kira mahogani, ba ya tsiro a Ingila. A 1721 majalisar dokokin Birtaniya ta janye haraji daga katakon da ake shigowa da shi daga ƙasashen da take mallaka a nahiyar Amurka, sai jiragen ruwa suka fara sauke gungume daga Jamaika. Kafintoci suka same shi yadda suke so: yana da faɗi, ba ya yawan murɗewa, ƙwari ba sa saurin cin sa, yana kuma karɓar sassaƙa mai laushi.

Bayi 'yan Afirka ne suka sare shi. A Jamaika, sannan a gaɓar da ake kira Beliz a yau, ana tura su daji rukuni-rukuni. Ɗaya daga cikinsu yakan hau doguwar bishiya ya hango inda mahogani yake, sauran su share hanya, su sare, su ja gungumen da shanu zuwa bakin kogi. Har yanzu tutar Beliz tana ɗauke da hoton masu saran itace biyu da bishiyar a bayansu. Iyalin Lascelles da suka gina Harewood da rake da bayi na tsibirin Barbados suka yi arziki. Lancaster, garin Gillows, na cikin manyan tashoshin cinikin bayi na Ingila a ƙarni na 18. Idan aka bi sawun kyakkyawan tebur daga ɗakin karatu zuwa daji, sunaye suna raguwa a kowane zango: maigida da cikakken tarihinsa, mai shago da wasiƙunsa, ma'aikaci da ɗan rubutun fensir, mai saran itace kuma sai dai a lissafin kadarori, kusa da shanu.

Da manyan bishiyoyin can suka yi ƙaranci, a ƙarshen ƙarni na 19 'yan kasuwar katako suka juyo Afirka ta Yamma. Tashar Sapele da ke kudancin Nijeriya ta yi suna har wani katako ya ɗauki sunanta. Abin da suke kira mahoganin Afirka kuwa dangin maɗaci ne, wannan bishiya da muke jiƙa ɓawonta don ciwon ciki, wadda aka jera a bakin titunan unguwannin Turawa na Zariya da Kaduna da Kano. Bishiyar da muke fakewa a inuwarta muna jiran mota 'yar'uwar wadda aka yi teburin Nostell da ita ce.

Ilimi a kan gwiwa

Kafin zuwan Turawa malaminmu bai san tebur ba, bai kuma bukace shi ba. Yana zaune a kan buzu a zaure, ya tanƙwashe ƙafa, takarda a kan gwiwa ko tafin hannun hagu, alƙalamin kara a dama, tawada a gefe. Takardun warwara ne, ba a ɗinke su ba, yawancinsu 'yan Italiya masu alamar jinjirin wata uku, waɗanda fatake ke kawowa ta hamada. In an gama sai a haɗa su a tadarishi, a zura a gafaka, a rataye. A haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta da harsuna uku. A haka malaman Unguwar Juma da Kona suka mai da Zazzau matattarar masu neman nahawu da lugga.

Katakon da ke cikin wannan duniya shi ne allo, wanda aka fi so a yi da aduwa. Allo aikin masassaƙi ne, kamar turmi da akushi da kujerar tsuguno. Masassaƙi yana ɗaukar gungume guda ya rage shi da gizago har abin da yake nufi ya fito. Kafinta kuwa yana tsaga gungume ya zama falankai, sannan ya haɗa su. Sana'o'i biyu ne mabambanta, kuma harshenmu ya shaida wadda ta zo daga baya: tebur, benci, kabad, durowa, da kalmar kafinta kanta, duka aro ne daga Ingilishi.

Akwai abu guda a wannan al'ada da ya kamata mai karatu ya riƙe. Da yawa daga masu kwafar littattafai, in sun kai ƙarshe, sukan rubuta cewa littafi ya kammala, su ambaci sunansu da na wanda aka yi wa kwafin, su roƙa wa kansu da iyayensu gafara. Ɗalibi kuma yana karɓar ijaza mai jera sunayen malamai, wane daga wane, har zuwa mawallafi. Zazzau ma ta san yadda ake riƙe sunan mai sana'a: Masallacin Juma'a da aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kowa ya san aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu ne, kuma har yau akwai unguwa a cikin birni mai amsa sunan sarautarsa. Ashe ajiye suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafinta ne dai ya zo a makare, tare da baƙi, ba a buɗe masa wannan littafi ba.

Yadda tebur ya sauka Zariya

Turawa sun kama Zazzau a 1902. Teburin farko da talakawa suka gani mai naɗewa ne, wanda 'yan dako ke ɗauka a ka in Di'o ya fita rangadi. A girka shi a gindin bishiya, a buɗe littafin haraji da jangali. Irin wannan kayan daji sana'a ce mai zaman kanta a Ingila, ana yin su ne don hafsoshi da jami'an da ake turawa Indiya da Afirka. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ya kawo falankai daga kudu, ya kuma kawo kafintocin da suka zauna a Sabon Gari. A Kano, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen sana'o'i inda ake koyar da kafinta. Ma'aikatar ayyuka, wadda aka fi sani da PWD, ta riƙa haɗa tebura da kujeru iri ɗaya don ofisoshi da gidajen gwamnati.

Aikin ofis ne ya tilasta tebur. Ana iya riƙe warƙa ɗaya a kan gwiwa, amma ba a iya riƙe ƙaton littafin baitulmali, balle tafireta. Tebur ya kuma zo da wani sabon tsari na zama. A zaure malami da almajiri ƙasa ɗaya suke zaune, girma ne kawai ya raba su. A ofis kuwa akwai na bayan tebur da na gabansa, ɗaya a zaune ɗaya a tsaye ko a tsugune. Daga baya Bahaushe ya ja tebur zuwa titi ya mai da shi nasa: ɗan tebur mai sayar da ashana da alewa, da teburin mai shayi inda ake warware siyasar duniya kafin a tafi aiki.

Babu unguwar da tebur ya yi wa tasiri kamar Tudun Wada da kewayenta. Turawa sun keɓe ta ne don 'yan Arewa da ba 'yan asalin birni ba, sai ta cika da ma'aikata. Hukumar Fassara ta dawo Zariya a farkon shekarun 1930 a ƙarƙashin Rupert East. Sunanta na Ingilishi yana ɗauke da kalmar "bureau", wadda asalinta a Faransanci sunan wani kaurin ƙyalle ne da ake shimfiɗawa a kan teburin rubutu. Daga ƙyallen sunan ya koma kan teburin, daga teburin ya koma kan ofishin. A Zariya Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1949 kwalejin da ake kira Barewa a yau ta dawo daga Kaduna. A Kongo kuma makarantar horar da akawuna ta girma ta zama Cibiyar Koyon Mulki, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A kan teburan wannan yanki aka daidaita rubutun boko na Hausa, aka tace labaran Yaƙin Duniya na Biyu, aka horar da waɗanda suka karɓi ofisoshin Jihar Arewa. Mun san sunayen waɗanda suka zauna a bayansu. Waɗanda suka haɗa su babu wanda ya rubuta.

Teburin mahaifina

Mahaifina akawu ne. Ya sayi teburinsa a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida bayan samun 'yancin kai. Faɗinsa ya kai mutum biyu su ci abinci a kai ba tare da sun takura ba, da durowa uku a dama, ɗaya doguwa a tsakiya. Ƙafafunsa huɗu kullum suna cikin gwangwanayen madara da aka zuba wa baƙin mai saboda gara. A kansa yake rubuta wa maƙwabta wasiƙu da takardun koke bayan la'asar, a kansa muka koyi haɗa baƙi da wasali, kuma durowar ƙasa, wadda ke da makulli, ita ce bankin gidan.

Da ya rasu aka zo rabon gado, masu ƙiyasta kaya suka yi wa teburin kuɗi ƙasa da na fankar tsaye. Ba su yi zalunci ba, abin da kasuwa za ta biya suka faɗa. Ya faɗo a rabona saboda babu mai wurin ajiye shi. Ƙafa ɗaya ta baya tana girgiɗi, sai na nemo wani dattijon kafinta a unguwarmu, wanda ya yi koyi a hannun wani tsohon ma'aikacin reluwe.

Bai taɓa ƙafar ba tukuna. Ya zare durowa, ya juya ta, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Ya nuna mini kusurwa, inda katako biyu suka shiga juna kamar yatsun hannu biyu, kowane haƙori mai faɗi a baki siriri a gindi. Turawa suna kiran wannan haɗi wutsiyar kurciya. Ya ce in duba, haƙoran ba su yi daidai da juna ba, ga kuma siririn layin da aka ja da wuƙa kafin a sa zarto. Aikin hannu ne. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin saman teburin, ya kira ni in gani: ba a buga shi da ƙusa ba, wasu 'yan ƙananan katakai ne suka riƙe shi, kowanne ya shiga cikin tsagi.

Na ce, "Baba, wannan ba zai sa ya yi sako-sako ba?"

Ya ce, "Malam, katako ko an sare shi numfashi yake yi. Da damina ya sha iska ya kumbura, da hunturu ya tsuke. In ka ɗaure shi da ƙusa, ran da ya tashi motsi sai ya tsage. Wanda ya yi wannan ya bar masa hanya. Ya san hunturun garin nan."

Ya kankare wani lungu da farce ya ce saman maɗaci ne, ƙafafun kuma loko, wanda gara ba ta cika so ba. Ƙusoshi biyu kawai ya samu a duk jikin teburin, kuma su ne suka jawo girgiɗin: wani ya taɓa gyara ƙafar da gaggawa, ƙusar ta tsaga harshen da ke shiga cikin ramin. Ya cire su, ya fere sabon harshe, ya mayar.

Irin karatun da dattijon nan ya yi wa teburin shi ne wanda masanan gidajen gwanjo na Landan ke yi. Su ma durowa suke fara jawowa. Suna duba sawun zarto, domin na hannu miƙaƙƙe ne marar tsari, na inji mai zagaye kuma yana barin layi mai lanƙwasa. Suna auna saman tebur mai da'ira, domin katako yana tsukewa ta faɗi ne ba ta tsawo ba, don haka tsohon gaske ba ya zama da'ira cikakkiya. Bambancin shi ne, in sun gama suna da ma'ajiyar takardu da za su je. Mu da muka juya kowace durowa, abin da muka samu lambobi ne da fensir, 1, 2, 3, da 'yar kibiya mai nuna gaba.

Abin da ke tafiya murhu

Na taɓa aiki a wani ofishi inda aka yi sabon shugaba, aka ba da kwangilar sauya kayan ofis. Aka fitar da tsofaffin tebura fiye da goma aka jibge a bayan gini. Damina biyu suka yi a nan. Da aka zo kwashe su, yawancinsu ba abin da ya same su sai dusashewar fuska, amma a matsayin itacen wuta aka sayar wa mai gidan burodi. Waɗanda suka maye gurbinsu masu ƙyalli ne, an yi su da garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai zanen itace. Kafin shekara uku gindinsu ya sha ruwan goge ɗaki ya kumbura, hannayen durowa suka fita. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, sai dai waɗannan ko arahar ba su yi ba.

Wanda ya ba da umurnin bai ga yana lalata komai ba, kuma ina ganin dalilinsa. A takardar kadarorin ofis, abin da aka rubuta shi ne tebur, katako, tsoho. Babu shekara, babu wanda ya yi, babu wanda ya zauna a kai. Abin da ba shi da labari tarkace ne, ko da an yi shi da maɗaci.

Kuma ba za a sake yin irinsu da sauƙi ba. Falanki mai faɗin saman teburin mahaifina sai bishiyar da ta shekara da yawa. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da Kogi ana lodawa zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017, maɗaci da kawo kuma aka amince a saka su a 2022. Ga batun lokaci: ƙa'idar da kafintocin da suka bi ita ce a bar falanki ya bushe a inuwa kimanin shekara guda a kan kowane inci na kaurinsa. Dattijon ya ce mini yanzu mai ba da aiki jibi yake son kayansa, katakon kuma shekaranjiya aka tsaga shi. Yaran da ake kawo masa koyo, in sun iya riƙe bindigar ƙusa sai su tafi su buɗe nasu shagon, ko su koma acaɓa. Ba ya zarginsu. Babu mai biyan kuɗin kwana uku da haɗin durowa ɗaya ke ci.

Ban ce a mai da ofisoshinmu gidajen tarihi ba, ban kuma ce tsohon teburin akawu zai yi kuɗin na Harewood ba. Abin da nake nema ƙarami ne. Duk makaranta ko ofis ko gidan da ke da irin wannan tebur, kafin a fitar da shi a kira tsohon kafinta ya duba, a tambayi tsofaffin masinjoji wa ya zauna a kansa, a rubuta a manna a cikin durowa. Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai tana tattara rubuce-rubucen malamanmu na da. Ɗalibin tarihi ɗaya da na'urar ɗaukar murya zai iya zagaya shagunan Tudun Wada da Sabon Gari ya tattara salsalar kafintoci, wa ya koya wa wa, tun masu iya faɗa suna raye. Mu kuma masu ba da aiki, in mun sa a yi mana tebur, mu ba da lokaci, mu biya kuɗin haɗin gaske, mu ce a rubuta suna.

Ranar da dattijon ya gama gyaran, na miƙa masa fensir na roƙe shi ya rubuta sunansa da shekara a ƙarƙashin durowar tsakiya. Ya yi dariya ya ce ai ba shi ya yi teburin ba. Na ce na sani, ya rubuta cewa shi ya gyara. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora durowar a kan gwiwa, ya rubuta da ajami a hankali. Ya miƙo mini, sai kuma ya ce in dakata. Ya karɓa ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, sunan wanda ya koya masa, da addu'ar Allah Ya jiƙansa.